Ofishin cike haraji na unguwarmu a Bronx, New York: sun san aiki, amma ku tambayi kuɗinsu tun farko

Bara mutumin da ya saba cike mini takardun haraji ya ce in cire 'yata daga cikin waɗanda nake ɗauke da nauyinsu. Wai tunda ta samu tallafin karatu, jami'a ce ke riƙe da ita, ba ni ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni na san wanda ke biyan kuɗin wayarta da tufafinta da motar zuwa gida hutu. Bana wani abokina a masallaci ya nuna mini wannan ofishin, kuma gaskiya matar da ke wurin ta burge ni.

Tambaya uku ta yi mini: shekarun yarinyar nawa, cikakkiyar ɗaliba ce, ina fom ɗin 1098-T da makaranta ta aiko? Ta sa bakin biro a akwati na 5, inda aka rubuta kuɗin tallafin, sannan ta juyo da kwamfutar ta fuskance ni, ta buɗe littafin hukumar haraji ta Amurka, wato IRS, mai lamba 501. Ta ce, "Alhaji, karanta da idonka." Ashe ɗalibin da bai kai shekara 24 ba a ƙarshen shekara, wanda ya yi karatu na cikakken lokaci a cikin wata 5, yana nan a lissafin iyayensa muddin ba shi ya ɗauki fiye da rabin nauyin kansa ba. Kuma kuɗin tallafin karatu ba a lissafa shi a matsayin abin da ɗalibi ya kashe wa kansa. Zamanta a ɗakin kwanan ɗalibai ma doka na ɗaukarsa kamar tana gida. Wallahi sai da na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Nan take ta saka dala 500 da ake ragewa saboda ɗan da ya girma amma yana ƙarƙashinka. Ta kuma ce in nemo rasiɗan littattafai, domin akwai rangwamen shekaru huɗun farko na jami'a da ke kaiwa dala 2,500, a fom na 8863. Kuɗin makaranta tallafi ya biya, don haka littattafan da na saya da aljihuna ne suka shiga. Na bara kuma ta ce ba a makara ba, ana da shekara uku a gyara da fom 1040-X.

To a nan ne raina ya fara ɓaci. Gyaran biyu ne, nawa da na yarinya, tunda ita ma bara ba a nuna a takardarta cewa wani na iya lissafa ta ba. Babu wanda ya gaya mini kowanne da kuɗinsa daban, sai da na zo biya na ga lissafi ya kusa ninkawa. Da an faɗa mini tun farko zan biya, ba gardama. Ɓoyewar ce ta yi mini ciwo.

Sannan magana mai nauyi kamar cewa ɓangaren tallafin da ya tafi ga abinci da ɗaki ana biya masa haraji, kuma a takardar yarinya zai fito, a bakin ƙofa ta faɗa mini, tana kiran na gaba. Yarinyar ta yi ta tambayata a waya, ni kuwa ba ni da amsa. Tun da 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, ta wuce, in ka kira sai na'ura ta ɗauka.

Mai ɗa a jami'a ya je, matar ta san dokar nan sosai. Amma kafin ka miƙa takarda ko ɗaya, ka sa a rubuta maka kuɗin kowane fom, kuma ka tafi tare da ɗalibin ya ji da kunnensa.