Tayar mota a jikin tirela: wace hanya ta fi wajen daidaita kusoshi?

Duk mai jan ƙaramar tirela a bayan motarsa ya san nauyin ɗaukar safaya iri biyu. Idan tayar motar za ta hau tirelar, ta tirelar kuma ta hau motar, safaya biyun sun zama na kowa, kuma a tafiya mai nisa wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne. Shi ya sa mutane ke neman sauya hob ɗin tirela, wato ƙarfen da ke ɗauke da kusoshin da ake ɗaura wili a kai, ya dace da kusoshin motar da ke janta. Hanyoyin yin hakan huɗu ne, amma ba darajarsu ɗaya ba.

Kafin maganar saye, a fara da awo. Ƙirga kusoshi kawai ba ya isa, sai an san faɗin da'irar da suke zaune a kai. Yawancin Hilux da Prado da Nissan Patrol kusoshi 6 ne a kan milimita 139.7. Land Cruiser 100 da 200 kusoshi 5 ne a kan 150, sannan 300 ta koma 6 a kan 139.7. Navara D40 ma 6 gare ta, amma a kan 114.3, don haka wilinta ba zai hau hob ɗin Hilux ba ko da ido ya ce zai hau. Idan kusoshin 4 ne ko 6, auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Idan 5 ne babu mai fuskantar wani, sai ka auna tsakanin biyu da ke maƙwabtaka ka raba da 0.5878. Wajen milimita 88 na nufin 150, wajen 67 kuma 114.3.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce sayen sabuwar gangar birki mai haɗe da hob, wadda aka huda tun daga masana'anta da tsarin motarka. Aksil na nan yadda yake, farantin birki da layininsa suna nan, ganga kaɗai ake zarewa a sa wata. Sharaɗin shi ne sabuwar ta hau kan boris irin na tsohuwar. Kada ka dogara da ƙiyasin mai sayarwa. Cire hob ɗin, goge giris da tsumma, za ka ga lamba a zane a gefen kowane boris, na ciki da na waje, irin su L68149 da L44649, ko LM67048 da LM11949. Rubuta su, ka haɗa da lambar robar da ke tare giris, ka auna faɗin gangar, inci 10 ce ko 12, da faɗin wurin da layinin ke kamawa. Idan birkin na lantarki ne, dole gangar ta zama mai shafaffiyar fuska a ciki inda maganaɗisu ke gogawa. Da waɗannan a hannu, sayen ba caca ba ne.

To amma ga inda da yawa ke tuntuɓe bayan sun biya kuɗi. Ramukan kusoshi sun dace, wili kuma ya ƙi zama. Dalili na farko ramin tsakiya ne. Ford Ranger da Hilux tsarin kusoshinsu ɗaya, amma ramin tsakiyar wilin Ranger milimita 93.1 ne, na Hilux 106.1, kuma hancin hob ɗin tirela kan yi kauri, sai ya ƙi shiga ƙaramin rami. Na biyu shi ne zurfin wili. Wilin tirela galibi fuskarsa a tsakiya take, na motocin zamani kuwa fuskar ta fi kusa da waje, ma'ana tayar tana shigewa ciki. Ɗora wilin motar a kan hob, ɗaure shi da noti biyu, juya shi da hannu, ka zura yatsu tsakanin taya da sifirin da jikin tirelar. Idan yatsa ɗaya ne ke shiga da ƙyar a lokacin da babu kaya, to da kaya a hanya mai gargada tayar za ta ci ƙarfe. Na uku noti ne. Kusoshin Hilux M12 ne, wato kaurin milimita 12, na Land Cruiser mai 5 M14, su kuwa hob ɗin tirela da yawa awon inci suke bi, rabin inci ko 9/16. Notin motarka ba zai hau ba, ko ya fara hawa ya lalata haƙora. Ƙari a kan haka, wilin alminiyon na Toyota da yawa noti mai washa yake so, na ƙarfe kuma mai tsinin baki. A ajiye notin da ya dace da kowane wili a akwatin sifana, in ba haka ba safayar ba ta da amfani ranar da ake bukatarta.

Idan zurfin wilin ya hana, ko kuma tayar motar ta fi ta tirelar girma sosai, maganar ta koma ga sauya aksil gaba ɗaya. Ya fi tsada, amma a nan ne kake zaɓar tsawon da ya dace da wilinka, da boris mai ɗaukar nauyi, da girman birki. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi: taya mai tsayi tana rage ƙarfin birki, domin ganga ɗaya ce ke ƙoƙarin tsayar da da'ira mafi girma. Tirela mai nauyi da aka ɗora wa manyan tayoyi a kan gangar inci 10 ta cancanci a duba ko 12 za ta fi.

Sake huda tsohon hob wurin masu injin fiƙar ƙarfe yana jan hankali saboda sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Hob da yawa an yi musu kauri ne a bayan kowace ƙusa kawai, sabbin ramukan kuma sai su faɗa inda ƙarfen ba shi da nama, ko dab da tsofaffin ramuka. Daga 114.3 zuwa 150 ma sau da yawa fuskar ba ta da faɗin da za ta ɗauka. Sai idan fuskar kauri ɗaya gare ta ko'ina, mai aikin kuma ya san abin da yake yi.

Saura adafta, farantin da ake ɗaurawa tsakanin hob da wili. Ba na ba da shawararsa ga tirela mai ɗaukar kaya. Yana tura tayar waje da kamar milimita 25 ko fiye, wanda kan ƙara wa boris wahala idan zurfin wilin bai rama ba, yana kuma ƙara jerin notin da ke ɓoye a bayan wili inda ba ka ganin kwancewarsu. Wasu ƙasashe, irin su Ostareliya, dokarsu ta takura amfani da shi a kan titi, kamfanin inshora kuma na iya fakewa da shi idan hatsari ya auku.

Ko wacce ka ɗauka, duba nauyin da aka rubuta a jikin wili da taya ya kai na tirelar da kayanta, a sauya ɓangarorin biyu tare, a sa sabon giris da sabuwar roba, sannan a sake ɗaure notoci bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko, domin sabbin kusoshi da sabon wili kan zauna su saki kaɗan.