Injin Ban Ruwa Mai Aiki da Hasken Rana: Abin da Ya Iya da Abin da Ya Gagare Shi a Fadama

Injin da zan yi bayani a kansa na inci biyu ne, irin wanda ake zurawa cikin rijiyar burtsatse. Yana zuwa da farantan sola, da ɗan akwatin da ke daidaita wutar da farantan ke bayarwa, da mesa mai tsawo, ba shi da batir kuma ba ya shan man fetur ko ɗigo. A wani shago da ke Kano muka saye shi, muka kafa shi a lambunmu na fadama a yankin Haɗejia, inda muke noman albasa da tumatir da 'yar alkama, kuma ya ci ranin nan da mu tun daga reno har zuwa cire amfani.

Tsadar mai ce ta fara kai mu ga sayensa. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Manoman rani da yawa sun mayar da injinansu masu amfani da tukunyar gas, wasu sun rage faɗin gona, wasu kuma sun haƙura da alkama baki ɗaya saboda yawan ruwan da take buƙata. Wannan tsada ta zo ne a daidai lokacin da damina ta daina zama abin dogaro, domin ko dai ruwa ya ɗauke shuka na tsakiyar girma, ko kuma ya sauko da yawa a lokaci guda. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a faɗin Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, inda shinkafar da ta kusa girbi ta nutse a gonaki. Manomin da ya rasa daminarsa ba shi da mafita sai rani, rani kuwa ba ya yiwuwa sai da ruwan da aka jawo daga ƙasa.

A kan aikinsa na asali, injin ya cika alkawari. Da hantsi ya ɗaga yakan tashi da kansa, ruwa ya fara fitowa siriri daga bakin mesa, ya riƙa ƙaruwa har ya cika ta kafin azahar. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, babu aiken yaro gari da jarka a bayan babur. Akwatin nan yana da dabarar kashe injin idan ruwan rijiya ya ja baya, abin da ke hana shi ƙonewa, kuma na ga ya yi hakan da idona a watan Afrilu, wata 'yar fitila ja ta kunna, ya dakata har ruwa ya sake taruwa sannan ya ci gaba. Kuɗin da a da muke warewa na mai duk mako ya koma kan taki da ladan ma'aikata.

Inda aka fara samun saɓani shi ne lokaci. Manomin rani ya saba ban ruwa da sassafe ko da yamma, sa'ad da ƙasa ke riƙe danshi, amma wannan injin ƙarfinsa yana tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, wato lokacin da zafi ya fi shanye ruwan da ke kwance a kwami. Maganin hakan shi ne a haƙa ɗan tafki ko a ɗora tanki a sama, a tara ruwa da rana a sake shi da yamma, sai dai mai shago bai ambaci wannan ƙarin kashe kuɗi ba lokacin ciniki. Sai kuma hunturu. A ranakun da hazo ya rufe sararin sama a Disamba da Janairu, ruwan da ke fita yakan ragu ƙwarai, kuma a lokacin ne alkama ke neman ruwa a kai a kai. Ƙura na kwanciya a kan farantan har mutum ya iya rubuta sunansa da yatsa, don haka goge su da tsumma mai laushi kowace safiya ya zama aiki na dole. Wanda ke ganin tsananin zafin Maris da Afrilu zai ƙara wa injin ƙarfi ya yi kuskure, domin haske farantan ke so, zafi kuwa rage musu kuzari yake yi.

Hidimar bayan ciniki ita ce ta fi ba ni takaici. Da wata waya ta saki a cikin akwatin, makanikan injin fetur da ke kasuwar garinmu, waɗanda za su iya kwance kabireta ido rufe, ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Mai shagon ya yi alkawarin turo yaronsa, aka yi ta yau da gobe, tumatir na yaushi, har muka ciro tsohon injin fetur daga ɗaki muka rufa wa kanmu asiri. Shawarata ga mai saye ita ce kada ya sayar da tsohon injinsa, ya kuma nemi takardar garanti a rubuce, sannan ya sa a auna wutar kowane faranti a gabansa, domin kasuwa cike take da farantan da lambar da aka manna a bayansu ta fi abin da suke bayarwa.

Farashinsa ya ninka na injin fetur sau da yawa, kuma a nan ne siyasar sauyin yanayi ke shigowa lambun talaka. Nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma kuɗin da ƙasashe masu arziki suka yi alkawari don taimaka wa irinmu jure sauyin yana tafiyar hawainiya. Amurka ta fice daga yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi a mulkin Donald Trump na farko, ta koma a 2021, sannan a ranar 20 ga Janairu, 2025 Trump ya sake sa hannu kan umarnin ficewa, shi da ya sha kiran batun yaudara. A gida kuma, Najeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021 ta kuma yi alkawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060, amma abin da manomi ya fi gani bayan kowace ambaliya shi ne buhunan tallafi da jawabin jaje. A ganina, rance mai sauƙi da za a biya bayan girbi, da horar da matasa gyaran irin wannan injin a kowace ƙaramar hukuma, sun fi rabon injina kyauta a taron siyasa, inda sukan ƙare a hannun waɗanda ba su da ko kwami ɗaya.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Tsadar mai tana tilasta wa manomi tattalin ruwa, amma tunda rana kyauta ce, na ga maƙwabta suna barin injin yana zuba tun safe har la'asar, ruwa na malala a banza. Ruwan fadamar Haɗejia ya dogara ne da ambaliyar kogi da ke cika ƙasa duk shekara, kuma tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa yanayin wannan ambaliya ya sauya. Idan kowa ya kafa sola ya saki ba lissafi, rijiyoyi marasa zurfi ne za su fara ƙafewa, kuma na ƙananan manoma ne.

Injin ya dace da mai lambu matsakaici wanda ruwansa ke kusa, yake noma kayan miya, kuma yake da halin yin tanki. Mai shinkafa a fili mai faɗi zai buƙaci babba da farantai masu yawa. Duk wanda ya saya kuma ya yi tanadin tsaro tun ranar farko, domin farantan ba sa kwana a gona lafiya: mu a kan ƙarfe mai ƙafafu muka ɗaure namu, ana ɗora su a amalanke a kai gida bayan la'asar, a dawo da su kafin hantsi.