Kafin ka sayi memori don manhajoji da wasanni: abin da zai hau kati da abin da ba zai hau ba

Duk mai gyaran waya a kewayen babbar kasuwar Maraɗi ya san wannan buƙata. Mutum ya zo da Tecno ko itel ko Infinix mai giga 32 ko 64, waya na ta nuna masa wuri ya cika, WhatsApp ya ƙi sauke hoto, Free Fire ko eFootball ya ƙi sabuntawa. Sai ya ce a ba shi memori, ko kart memwar kamar yadda wasu ke cewa, a juye masa komai a kai. Memori kuwa yana karɓar wasu abubuwa cikin sauƙi, wasu da ƙyar, wasu kuma ko ka sayi kati mafi tsada a kasuwa ba za su motsa daga cikin waya ba. Wanda bai bambance su ba kafin ya biya kuɗi zai koma gida da kati sabo fil, waya kuma tana nan a cike.

Saboda haka, kafin maganar kati, buɗe Paramètres ka shiga Stockage, ko Settings da Storage idan wayar daga Kano ta shigo da Turancinta. Dubi abin da ya cinye wurin. Idan hotuna ne da bidiyo da karatun malamai da waƙoƙi, memori zai raba ka da matsalar gaba ɗaya. Idan kuwa kaso mafi girma yana wajen manhajoji da wasanni, to ka yi haƙuri ka karanta har ƙasa kafin ka sa hannu a aljihu.

Sannan ka zaro tiren layi da ɗan tsinkensa ka duba. Akwai tire mai gurbi uku, layi biyu da memori, wannan ba shi da matsala. Akwai mai gurbi biyu wanda gurbi na biyu ko layi ko memori, ɗaya kawai za ka zaɓa. A garin da mutum ke riƙe da Airtel da Zamani ko Moov, ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya kuma ga layin Nijeriya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wasu wayoyin ma ba su da gurbin sam: iPhone ba ta taɓa samunsa ba, Samsung kuma ta cire shi daga jerin Galaxy S tun daga S21 a 2021. Idan wayarka na da gurbin, hanyoyi uku ne ake amfani da kati a cikinta.

Hanya ta farko: kati a matsayin jakar ajiya

Wannan ita ce hanyar da muke ba yawancin mutane shawara su bi. Kana sa katin, waya ta tambaye ka yadda za ka yi amfani da shi, ka zaɓi na ajiya mai cirewa. Daga nan ka shiga saitin kamara ka mai da wurin ajiyar hoto zuwa kati. Ka yi haka a Xender, don duk fim ɗin da aka turo maka ya sauka can kai tsaye. YouTube da Google Maps su ma suna da wurin da za ka ce abin da ka sauke ya tafi kati. Tsofaffin hotuna da bidiyo kuwa, manhajar Files ta Google tana kwashe su zuwa kati.

WhatsApp shi ne babban mai cin wuri a yawancin wayoyin da ke yawo a gari, kuma ba ya yarda a mai da shi kan kati. A wayoyi masu Android 11 zuwa sama, kayansa na cikin Android, sai media, sai com.whatsapp. Kana iya kwashe bidiyo da sauti daga can zuwa kati da hannu, amma ka sani abin da ka kwashe ba zai ƙara buɗuwa daga cikin hirar ba, sai dai ka nemo shi a kan katin. Sai kuma ka kashe saukar bidiyo ta kai tsaye, in ba haka ba guruf ɗin dangi da na unguwa da na ƴan kasuwa za su sake cika maka waya kafin wata ya ƙare.

Amfanin wannan hanya shi ne katin naka ne. Waya ta faɗi ta fashe, ka zare shi ka sa a wata, komai na nan. Kuma duk gigar da hotuna suka bari a cikin waya, wasanni ne za su ci moriyarta.

Hanya ta biyu: mai da manhaja ɗaya ɗaya

Wannan tsohuwar dabara ce, tun Android 2.2 na 2010 take. Ka shiga jerin manhajoji, ka zaɓi wadda kake so, ka shiga Stockage, idan ka ga maɓallin Modifier ko Change sai ka danna ka zaɓi kati. Idan maɓallin bai fito ba, ba laifin katinka ba ne: ko dai wanda ya ƙera manhajar bai ba da izini ba, ko kamfanin wayar ya rufe ƙofar.

Ko da ya fito, kada ka sa rai da yawa. Wani ɓangare na manhajar ne kawai ke tashi. Manyan wasanni irin su PUBG Mobile da Call of Duty Mobile, nauyinsu ba a jikin manhajar yake ba, yana cikin taswirori da muryoyi da tufafin da suke saukewa bayan an buɗe su, waɗannan kuma suna zama a cikin Android/data ko Android/obb na cikin waya. Sai ka ga ka mai da wasa mai giga da yawa amma ɗan abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. A wasu wayoyin kuma, da zarar manhajar ta sabunta sai ta koma ciki, ka sake ɗawainiyar daga farko. Tun daga Android 11 na 2020 ma an toshe wa manhajojin sarrafa fayil shiga waɗannan wurare biyu, shi ya sa dabarun da ake koyarwa a tsofaffin bidiyoyi na yanko obb a liƙa a kati ba sa aiki yanzu. Wasan zai nemi kayansa inda ya ajiye su, bai gani ba, ya sake sauke su da datarka.

Akwai masu danna lambar sigar waya sau 7 su buɗe saitin masu ƙera manhaja, su tilasta wa kowace manhaja hawa kati. Yana fito da maɓallin a wasu wayoyi. Amma kada ka taɓa yi wa manhajar kuɗi haka, ko ta ƙararrawar tashin asuba, ko allon rubutu. Waya na tashi kafin kati ya gama shiryawa, kuma manhajar da ke jiran kati tana iya ƙin tashi a lokacin da aka fi buƙatarta.

Hanya ta uku: haɗe kati da cikin waya

Ita ce kaɗai ke ɗaukar wasa da kayansa da gaske, kuma ita ce ta fi haɗari. Ta zo da Android 6.0 a 2015. Idan wayarka na da ita, lokacin yi wa kati fomat za ka ga zaɓin mai da shi ma'ajiyar ciki. Samsung ta daɗe da ɓoye wannan zaɓi a yawancin wayoyinta, sauran kamfanoni kuma ya danganta da samfurin, don haka ka gwada da katin wani a shago ka ga ko zaɓin na fitowa, amma kada ka danna fomat a kan katin mutane.

Abin da ke faruwa shi ne waya za ta goge katin tas, ta canza masa tsari, ta kulle shi da mabuɗin sirri wanda ita kaɗai ke riƙe da shi. Ka cire shi ka sa a kwamfuta ko wata waya, ba za su karanta ba, sai dai su ce ka yi fomat. Idan aka yi wa wayar filashin ko aka mai da ita yadda ta fito daga kamfani, mabuɗin ya tafi, kuma abin da ke kan katin ya tafi tare da shi, babu mai gyaran da zai dawo da shi. Idan katin ne ya mutu, duk manhajar da ke kansa ta tsaya. Wanda zai kai irin wannan waya wajen gyara, ya faɗa wa mai gyara tun a bakin shago cewa katin a haɗe yake.

Ga kuma nauyi. Katin da waya ke karantawa ta hanyar UHS-I, wato tsarin da kati da waya ke musayar bayanai da shi, iyakarsa mega 104 a sakan, kuma da wuya ya kai haka. Ma'ajiyar eMMC 5.1 da ke cikin ƙananan wayoyi ta ninka shi, UFS ta wayoyi matsakaita kuwa ta yi masa fintinkau. A fim ba za ka ji bambancin ba. A wasa za ka ji shi: buɗewa ta daɗe, taswira ta riƙa zuwa a guntu-guntu, abokan wasa sun sauka kai kana jira. Bayan fomat Android na gwada saurin katin, kuma idan ta gargaɗe ka cewa yana da nauyi, ka ji maganarta ka fasa.

A ganinmu wannan hanya ta dace da waya mai giga 16 ko 32 wadda babu halin sauya ta yanzu, da sharaɗin kati na asali ne, kuma hotuna masu muhimmanci suna da kwafi a wani wuri.

To wane kati?

Lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali, mega 100 ko 150 ko fiye a sakan, saurin karanta babban fayil ne a jere. Manhaja ba haka take aiki ba, ƙananan abubuwa take tsinta nan da can sau dubbai. Alamar da ke auna wannan ita ce A1 ko A2. Kati mai A1 ya yi alkawarin aƙalla karatu 1500 da rubutu 500 a sakan, mai A2 kuma 4000 da 2000. Sai dai A2 ba ya kai wannan adadi sai na'urar da ke karanta shi ta san wasu dabaru na musamman, kuma yawancin wayoyi ba su san su ba. Don haka a ƙaramar waya A1 na gaske ya wadatar. Katin da babu A a jikinsa ko kaɗan, a bar shi ga waƙa da hoto.

Sauran alamomin na bidiyo ne. 10 a cikin da'ira, da U1, da V10, duk ma'anarsu rubutun mega 10 a sakan. U3 da V30 mega 30 ne, su ake so idan kana ɗaukar bidiyon 4K. SanDisk Ultra da Kingston Canvas Select Plus suna ajin A1, SanDisk Extreme mai giga 64 zuwa sama kuma A2 ne da V30. Samsung EVO Plus ajinsa na canzawa da girman katin, sai a karanta jikinsa.

Wajen girma, kati har zuwa giga 32 sunansa SDHC, yana zuwa da tsarin FAT32 wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. Daga 64 zuwa sama SDXC ne mai exFAT, babu wannan iyaka. Tsohuwar waya na iya ƙin karanta SDXC, a duba kwalinta. Ga mai hotuna da karatu 64 ya isa, mai tara finafinai ya nemi 128.

Babbar asara a nan ita ce jabu. Ana ɗaukar kati mai giga 8, a sauya bayanan da yake bai wa waya ya riƙa cewa shi 128 ne. Makon farko lafiya lau. Da zarar ka wuce girmansa na gaske, sabo ya fara hawa kan tsoho, sunayen fayiloli suna nan amma ka buɗe hoton suna ko na biki ka ga toka-toka, bidiyo ya ce ba zai buɗu ba. Abin da waya ta nuna ba hujja ba ce, domin abin da katin ya faɗa mata take maimaitawa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika katin har baki a sake karanta shi. Manhajar H2testw a kwamfuta mai Windows tana yin haka, kuma a babban kati yakan ɗauki sa'a guda ko fiye. In babu kwamfuta, loda masa finafinai har ya kusa cika, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kana tsallakawa cikin kowanne. Ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin biya cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi. Kada kuma ka zargi mai gaskiya: kati mai 64 na asali yakan nuna wajen 59 a kwamfuta, mai 128 wajen 119, bambancin lissafi ne tsakanin 1000 da 1024. Wanda farashinsa ya gaza rabin na sauran shaguna kuwa, araha ba ta ado.

Ko na asali yana tsufa. Rubutu ne ke cinye shi, kuma katin da aka haɗe da waya ana rubutu a kansa dare da rana. Alamar ƙarshensa ita ce ka goge abu ya dawo, ko ya ƙi karɓar sabo. Ranar da ka ga haka ka kwashe kayanka, kada ka jira gobe. Kuma kada ka zare kati waya na kunne ba tare da ka cire shi ta cikin saiti ba.

Wani ruɗani da ya kamata a warware: memori ba ya ƙara RAM, wato wurin da waya ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin. Idan wasa na sarƙewa saboda RAM ɗin waya giga 2 ne ko 3, kati ba zai taɓa shi ba. Abin da Tecno da Infinix ke kira MemFusion, Samsung kuma RAM Plus, daga ma'ajiyar cikin waya yake yankar wuri. A wayar da ta cika, rage shi ko kashe shi inda aka ba da dama na iya dawo maka da giga biyu ko fiye ba tare da ka kashe ko dala ba.

Idan kuma sabuwar waya kake shirin saye kuma wasa ne a ranka, ka kwatanta mai 64 haɗe da kuɗin kati mai kyau da mai 128 ita kaɗai. Sau da yawa tazarar ba ta da yawa, kuma tsarin wayar kansa na cin giga 10 ko fiye tun kafin ka sa komai. Ɗauki mai 128, ka tambaya ko eMMC ce ko UFS, katin kuma ka ƙara shi daga baya don hotuna.