Yaya, kwalaben nan ba nawa ba ne, na murjani ne

Yaya barka da warhaka, ya iyali ya yara, a gaida min su Umma da kyau. Na ga saƙonka kana tambaya wai kwalaben da ke jere a ƙarƙashin tankin gilashin nan na mene ne, ko magani nake sha a ɓoye ban faɗa ba. To kwantar da hankalinka, na murjani ne. Abin da ka gani a hoton kamar fure ba fure ba ne, dabba ce mai rai, da abin da take tsotsa a ruwan gishiri take gina ƙashinta. Tankin na mai gidan da nake haya ne a nan Jamus, lita 400, tsoho ne gwiwa ta hana shi durƙuso shi ne ya sakar min hidimar, yanzu wallahi ni abin ya fi shiga rai.

Kowane kilo na ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. A lita ɗaya kalsiyam kamar miligiram 420 ne, magniziyam kusan 1,300, fotasiyam wajen 400. Kalsiyam da magniziyam ba wuya, da ɗan kayan gwaji na ɗigo kana zaune za ka auna. Rigimar tana wajen ƙananan, sitirontiyam miligiram 8, aidin 0.06 kacal, sinadarin ƙarfe kuwa bai ma kai a yi maganarsa ba amma in babu shi sai ka gani a jikin murjani. A teku ba sa ƙarewa, tanki kuwa a rufe yake, murjani ya ci, gansakuka ta ci, gawayin tace ruwa ya kwashe nasa, sai launi ya fara dushewa kai ba ka san me ya ƙare ba.

Abin da ya fi burge ni a nan ba kwalaben ba ne, gwajin ne. Kana sayen ɗan kwali da ƙananan robobi a ciki, ka ɗebi ruwan tankinka ka kai gidan waya, bayan 'yan kwanaki ka buɗe intanet ka ga sakamako, sinadarai sama da 30 kowanne da adadinsa. ICP suke ce masa, inji ne da ke ƙona ruwan a wuta mai tsananin zafi ta iskar argon, kowane sinadari ya fitar da irin haskensa a karanta. Kamfanin Triton da ke Düsseldorf suna yi, ATI suna yi, Fauna Marin ma haka. Har su lissafa maka mililita nawa za ka zuba kuma kwana nawa. Kowa dai kwalbarsa zai nuna maka, ba laifi kasuwa ce, ni nakan fara da rabin abin da aka ce in ga yadda murjanin zai karɓa.

Abokina da ke Amurka shi ma yana da tanki, kullum muna musu a waya. Can mutane da yawa da kansu suke haɗa kayansu, kalsiyam kuloraid a jarka ɗaya, bekin soda a ɗaya, ƙananan sinadaran kuma wasu su dogara da canjin ruwa kawai tunda sabon gishiri yana zuwa da su. Abin dariya, ruwan farar ƙasa da suke ɗigawa Kalkwasser suke ce masa, kalmar Jamusanci ce suka ara. Nan kuwa tsarin Balling ya fi yawa, wato a riƙa auna kalsiyam da sauran sinadaran daga jarkoki daban-daban ana zubawa a tanki kullum, sunan Hans-Werner Balling ne da ya bayyana shi a 1994. Akwai na kamfanin Red Sea kwalba huɗu na ƙananan sinadaran, A aidin, B fotasiyam, C ƙarfe, D sauran tarkacen, shi dabararsa ita ce gwargwadon kalsiyam ɗin da tankinka ya ci gwargwadon abin da za ka zuba, kuma hankali ya ɗauka, murjanin da bai girma ba me zai yi da ƙari. Tsohon nan shi All-For-Reef na Tropic Marin yake so don kwalba ɗaya ce komai a ciki, sai dai in aidin kaɗai ya yi ƙasa dole ka nemo shi daban.

Bari in ba ka labarin wautata. Abokin nan ya aiko min da wata 'yar kwalbar aidin daga can, takardar jikinta da galan aka yi lissafi, ni kuma idona ya saba da lita ban ko tsaya ba na riƙa ɗigawa. Galan ɗinsu lita 3.8 ne fa, ka ga kusan ninki huɗu nake zubawa kullum har sati biyu. Murjanin suka tsuke suka ƙi buɗewa, na rasa gane kan abin har na fara zargin fitila. Da sakamakon gwaji ya dawo aidin ya yi sama sosai. Tsohon bai yi faɗa ba, ɗauke kwalbar kawai ya yi ya sa a aljihu, ya ce daga yau abin da ban auna ba kar in ƙara zubawa. Wata guda na yi ina canjin ruwa kaɗan-kaɗan da sabon gawayi kafin suka dawo, guda ɗaya mai ruwan hoda ya tafi.

Yanzu da sirinji nake aunawa ina rubutawa a littafi, ko kwabo ba na bari kusa da bakin tankin don jan ƙarfe guba ne gare su. Gobe zan kai wani ruwan gidan waya, in sakamako ya fito zan turo maka hoton ka ga yadda suke jera shi, ka nuna wa yara kifin nan mai ruwan lemo da suka tambaya, yana nan lafiya lau.