Gejin GO da NO-GO na .308: abinda na gani bayan bututu uku

To jama'a, na ɗan jima ina amfani da wannan set ɗin gejin auna hedsifes na kamfanin Forster kuma yanzu bututun bindiga uku kenan na gama da shi a injin tona (lathe, mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi) na hannu, wanda ba na kwamfuta ba, shi yasa nace bari in faɗi albarkacin bakina.

Ga wanda bai sani ba, hedsifes ita ce tazarar da ke tsakanin fuskar sakata (bolt, ƙarfen da ke rufe bayan harsashi) da wurin da kwanson harsashi ke tokarewa a cikin ɗakinsa. A harsashin .308 Winchester kafaɗar kwanson ce ke tokarewa, ba kamar .303 British ba da ke tsayawa a kan leɓe. Gejin guda uku ne, ƙarfe ne mai tauri an yi shi da siffar kwanso, GO ɗin inci 1.630, NO-GO 1.634, sai FIELD 1.638. Idan ka saka GO a ɗakin ya kamata sakata ta rufu, idan NO-GO ne kuma bai kamata ta rufu ba. Wato tsakanin na farko da na biyu inci 0.004 ne kacal, kusan kaurin takarda ɗaya. A kan wannan ɗan abin ake ta wahala.

Abinda ya burge ni shine gejin baya ƙarya, hannuna ne ke ƙarya. A bututu na biyu na kusa yin aika-aika wlh, na zo ƙarshen yanka da rima, wato ƙarfen da ake yanka ɗakin harsashi da shi, na ɗaura na saka GO sai sakata taƙi rufuwa, saura ɗan ƙiris, har na ɗauko rima zan ƙara ci sai wani abu yace min kai haska tukuna, ina haska tocila sai ga ɗan ɓarɓashin ƙarfe kamar ƙwayar yashi ya manne da mai daidai kan kafaɗa. Na wanke na busa iska na sake gwadawa, sakata ta sauka da kanta lif. Da na ƙara yankan nan da ɗakin ya wuce, kuma ƙarfen da ka ci baya dawowa, sai dai ka rage gindin bututun ka sake aiki.

Daga nan na daina gwadawa ba tare da na kwance sakatar ba, don sifirin ɗin ciki da abin tunkuɗo kwanso suna ɓoye maka ji. Yatsa ɗaya nake sawa. Masu danna NO-GO da ƙarfi su ce ai ta rufu, malam kai ka rufe ta, kuma kana ɓata gejin da ɗakin gaba ɗaya. Sannan awon da ka yi bututu na ɗaure da hannu ba shine na ƙarshe ba, idan an ɗaure shi tam tazarar na ɗan raguwa, dole a sake gwadawa.

Wasu na cewa a manna salatif a gindin GO ya zama NO-GO. Yana ɗan aiki amma salatif na matsewa, ni kam ba zan jingina fuskata da shi ba, tunda in tazara tayi yawa kwanso miƙewa yake, zaka ga wani zobe mai ƙyalli kusa da gindinsa, wata rana ya rabe biyu gas ya dawo baya.

FIELD ɗin kam har yanzu yana cikin robarsa, amfaninsa duba tsohuwar bindiga ne da ta sha aiki, mai sabon bututu baya buƙatarsa. Kuma a lura awon SAAMI ne na .308, wato ƙungiyar Amurka mai tsara awon bindigogi da harsasai, ɗakin 7.62x51 na NATO ya ɗan fi tsawo, kar a ɗauki wannan a yanke wa wancan hukunci.

Ina shafa musu mai bayan kowane aiki don zufar hannu na sa tsatsa. Na huɗu yana kan inji yanzu, da su zan gama shi.