Sharhina kan Vosevi, maganin ciwon hanta nau'in C da na sha bayan na farko ya kasa

Vosevi magani ne da aka yi domin irinmu, waɗanda suka sha maganin ciwon hanta nau'in C har suka ƙare, amma ƙwayar cutar ta dawo. Na sha shi, na warke, kuma ina ganin ya kamata masu irin larurata su ji daɗinsa da wahalarsa daga bakin wanda ya haɗiye shi.

A karon farko sofosbuvir da daclatasvir na sha na tsawon mako 12, haɗin da aka fi bayarwa a asibitocinmu saboda sauƙin kuɗi, wanda kuma yake warkar da mafi yawan mutane. Ban tsallake ko rana ɗaya ba. Da aka yi gwajin PCR, wato gwajin jini mai neman ƙwayar cutar kanta, wata uku bayan na gama, sai ga cutar nan daram a jini. Likitar hanta da ke duba ni ta ce, "Malam, kada ka ɗora wa kanka laifi. Akwai wasu rassan cutar a nan Afirka, irin su 1l da 4r, da suke da taurin kai a kan daclatasvir da ledipasvir tun asalinsu. Ga kuma tabo a hantarka." Ta gargaɗe ni da kada in kuskura in koma kemis in sake sayen haɗin da ya kasa.

Shi Vosevi magunguna uku ne a ƙwaya guda: sofosbuvir miligiram 400, velpatasvir 100, voxilaprevir 100. Kowanne na toshe wata hanya dabam da ƙwayar cutar ke bi ta hayayyafa, shi ya sa idan ta saba da ɗaya, sauran biyun na nan. Kamfanin Gilead ne ya yi shi, Amurka ta amince da shi a watan Yulin 2017. A gwajin POLARIS-1, wanda aka yi a kan mutanen da irin maganina na farko ya kasa, kashi 96 cikin ɗari sun warke. Wannan adadi ne ya ba ni ƙarfin gwiwar neman kuɗin.

Shan sa ba wuya. Ƙwaya ce doguwa, launin ƙasa-ƙasa mai haske, an buga GSI a gefe ɗaya da lamba 3 a ɗaya gefen. Kwalba na ɗauke da 28, kwalba uku sun ishe ka mako 12. Sau ɗaya a rana, amma dole tare da abinci, domin ba ya shiga jini yadda ya kamata a cikin da babu komai. Wani ɓangare na shana ya faɗo cikin azumi, sai muka daidaita da likita na mayar da shi lokacin shan ruwa: in yi sallar magariba, in ci abinci mai ɗan nauyi, in haɗiya. Wanda ya ga 'yan uwanmu da suka sha allurar interferon a da, kowane mako har kusan shekara, da zazzaɓi da rama, ga shi kusan rabi ne ke warkewa, zai san an samu ci gaba babba.

Illolinsa kuwa sun taɓa ni, sai dai ba su kwantar da ni ba. Ciwon kai a farko-farko, sai gudawa mai zuwa tana tafiya, da kasala bayan azahar. Ban fasa zuwa kasuwa ba.

Inda mutum zai yi hattara sosai shi ne abin da yake haɗawa da shi. Velpatasvir na bukatar tsamin ciki kafin ya narke, saboda haka farin ruwan maganin ƙwannafi da muke kurɓa ba lissafi sai an ba shi tazarar awa huɗu. Ni har ruwan kanwa likitar ta hana ni, da duk wani jiƙo na shawara da 'yan uwa ke aikowa da kyakkyawar niyya. Mai shan rifampicin na tarin fuka ba zai haɗa su ba sam, haka wasu magungunan farfaɗiya, da amiodarone na zuciya. An kuma yi mini gwajin ciwon hanta nau'in B kafin in fara, domin wannan rukunin magani na iya tayar da shi idan yana kwance a jiki, kuma a ƙasarmu masu B sun fi masu C yawa nesa ba kusa ba. Wanda hantarsa ta riga ta gaza, ciki ya tara ruwa ko idanu sun yi ɗorawa, ba a ba shi Vosevi.

Babban ƙorafina shi ne samunsa. Na zaga manyan shagunan magani, wasu ba su taɓa jin sunansa ba. Sai da aka yi odarsa daga waje, na yi ta jira ina sane da cewa cutar na cin hantata. Kuɗinsa ya ninka na farko sau da yawa, sai da dangi suka yi karo-karo. Wannan abu yana ci mini rai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abin da za a ba wanda maganin farko ya kasa, amma talaka ba shi da hanyar kaiwa gare shi. Shawarata, kada ka fara sai kwalba ukun suna hannunka, don yankewa a tsakiya asara ce. Ka kuma kula da ajiya: an rubuta kada zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa a bazara ɗaki kan haura 40. Ni a bayan randa na ajiye nawa, cikin kwalbarsa ta asali.

Mako 12 bayan ƙwayar ƙarshe aka sake PCR, ba a ga komai ba, alhamdu lillahi. Gwajin tsinke na gaggawa zai ci gaba da nuna alamar cutar, domin shi sojojin jiki yake gani, kada wannan ya tsorata kowa. Warkewa kuma ba rigakafi ba ce, nau'in C ba shi da allurar rigakafi, don haka da askata nake zuwa wurin wanzami. Saboda tabon da ya riga ya zauna, har yanzu ana yi mini hoton hanta duk bayan wata shida.