Tiyon fetur na aune a ƙasan tsohuwar V-boot: ya yi, amma sai ka tsaya a kansa

Duk mai riƙe da tsohuwar mota 'yar Kwatano, musamman wadda ta yi ƙuruciyarta a Jamus ko Beljiyam ko Kanada, akwai ranar da bututun man da ke ƙasanta zai neme shi da magana. A ƙasashen nan ana watsa gishiri a kan titi da hunturu don ƙanƙara ta narke, ruwan gishirin kuma yana ta fallatsar ƙasan mota shekara da shekaru. Motar za ta iso mana bodi na sheƙi, alhali tsatsa ta riga ta yi gida a inda ido ba ya kaiwa.

Tawa Mercedes 230E ce ƙirar 1990, wadda aka fi sani da V-boot. Alamun da ta nuna su ne warin fetur idan na ajiye ta a gida, da wahalar tashi idan injin ya yi zafi. Da aka hau da ita kan rami sai ga abin a fili. Bututun ƙarfen da ke kai mai gaba da wanda ke dawo da shi tanki, a tsakiya lafiyarsu lau, amma duk inda maƙalar roba ta riƙe su sun kumbura sun yi ja, domin nan ne laima ke kwana. Bakanikena ya kankare wuri ɗaya da farce, tsatsar ta ɓare, fetur ya fara tsattsafowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ko ba a yi maganar gobara ba, ɗigon nan kuɗi ne ke zuba a ƙasa.

Na zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano neman na asali. Waɗanda na gani duk daga jikin wasu tsofaffin motocin aka ciro su, an lanƙwashe su don su shiga buhu, kuma ciwon da ke jikin nawa shi ne a jikinsu. Wani ya ce a yanke wurin da ya ruɓe a cusa guntun tiyo a ɗaure da kilif. Wani ya ce a sa bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji. Na ƙi duka biyun. Jan ƙarfe zalla yana taurara idan ya daɗe yana shan girgiza, daga nan sai tsagewa. Shi kuwa faci da tiyo, a motar kafireta ana iya samun sa'a, saboda matsin famfonta ko rabin bar (ma'aunin matsi ke nan) ba ya kaiwa. Wannan injin kuwa tsarin injekta na kamfanin Bosch mai suna KE-Jetronic ne a kansa, famfonsa na tura mai da ƙarfin da ya haura bar 5, wato ninki biyu na iskar da ke cikin tayar motar.

Shi ya sa na nufi masu haɗa tiyon haidirolik, waɗanda ke yi wa tifa da tarakta da katafila aiki. Kana kai musu tsohon, su auna, su yanko sabo daga nadi, su sa masa kawuna, inji ya matse.

A nan ne sai mutum ya buɗe ido. Yaron shagon ya jawo baƙin tiyo mai waya a ciki ya ce, "Alhaji, wannan ko katafila ba ta fasa shi." Gaskiyarsa ta fuskar ƙarfi, amma don man haidirolik aka yi shi, kuma ba kowanne ne cikinsa ke jure fetur ba: wani yakan yi laushi, wani warin ya riƙa ratso shi. Wanda ya tuna gurɓataccen man nan mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya san ba kullum ne abin da ke shiga tankinmu ke tausaya wa roba ba. Abin dubawa shi ne rubutun da ke jikin tiyon. Mai rubutun SAE J30 R7 na ƙaramin matsi ne, iyakarsa wajen bar 3 da rabi, bai isa wannan motar ba. R9 shi ne na injekta, yana ɗaukar kusan bar 7, kuma an yi masa shimfiɗar ciki da ke hana fetur ratsawa. Tiyon da babu rubutu a jikinsa, ko da kyauta ne, a bar musu abinsu. Da maigidan shagon ya ji inda na dosa, sai ya shiga ciki ya fito da mai cikin Teflon, wata irin roba da fetur ba ya ci, wanda aka saƙa wa wayar silba a baya. Da shi aka yi dogayen layukan biyu, gajerun da ke wajen famfo da filta kuma aka yi su da R9.

Matsin kawunan ba ni da abin cewa a kansa. Na juya su a hannu, ƙarfen ya zauna daidai ta ko'ina, babu wayar da ta leƙo. Zaren notin ma ya dace da na motar, abin da na fi jin tsoro ke nan, don Jamusawa da awon milimita suke aiki, yawancin kawunan da ke shagunan nan kuwa na inci ne.

Abu biyu ne suka ɓata min rai. Na farko, kai ɗaya mai gwiwa an matse shi yana kallon wani gefe daban, kuma da zarar inji ya matse ba ya juyuwa. Murɗa tiyon Teflon don ya kai kuwa kashe shi ne, sai da aka yanke aka sake. Sun sake ba tare da gardama ba, amma kuɗin sabon kan ni na biya. Na biyu ya fi muni: sun miƙo min kayan ba su wanke cikinsu ba. Da dutsen yanka suke yankewa, garin waya da ƙura duk suna ciki. Bakanikena ne ya ce, "Yallaɓai, bari mu hura tukuna." Ya kanga farin ƙyalle a baki ɗaya, ya hura iska ta ɗayan, sai ga baƙin gari da 'yan ƙananan wayoyi a jikin ƙyallen. Layin da ke kai mai gaba bayan filta yake, don haka duk abin da ke cikinsa kai tsaye zai wuce na'urar da ke rarraba wa injektoci mai, ita kuwa 'yar ƙura kaɗan ta ishe ta lalacewa, kuma gyaranta ya fi kuɗin wannan aikin gaba ɗaya.

Ɗaurawar ma ta ci lokaci fiye da yadda na zata. Tiyon ya fi bututun asali kauri, bai shiga tsofaffin maƙalan ba, sai da muka nemo sababbi masu roba a ciki muka jera su kusa da kusa don kada ya yi lilo, hanyoyinmu ba sa yafe wa abin da ke reto a ƙasan mota. Wayar silban nan kuma tana goge duk abin da ta jingina da shi, don haka inda ya bi kusa da bututun birki ko gefen bodi an sa masa rigar roba, aka kuma nisanta shi da salansa. Kafin a kwance komai an cire kan batir, an sauke matsin da ke cikin layin, mai waldan da ke maƙwabtaka da garejin ma sai da muka roƙe shi ya dakata.

Tun daga nan wari ya ɗauke, kuma ko da rana tsaka na kashe ta na dawo, bugu ɗaya take tashi, saboda yanzu layin yana riƙe matsinsa bayan an kashe injin. Damina ta wuce a kansa, na sake hawa rami, kawunan a bushe suke.

Kuɗinsa ya fi na faci nesa ba kusa ba, kuma mai Peugeot 504 ko wata motar kafireta ba ya bukatar wannan ɗawainiya, tiyon fetur mai rubutu da kilif mai kyau sun wadatar da shi. Wanda ya samu mai iya lanƙwasa sabon bututun ƙarfe ko na gaurayen jan ƙarfe da nikel, wannan ya fi kusa da yadda kamfani ya yi ta. Ni ban samu a kusa ba, kuma dole in ci gaba da nema, domin bututan birki da ke kwance a jere ɗaya da na man su ma sun fara kumbura a ƙarƙashin maƙalan, su kuma ba a maye dogon layinsu da tiyo.